Sa'o'in Aro

A Hausa ba mu da suna guda na sana'ar da nake nema. Turawa suna ce wa mai yin ta akcuwari. Ni in an tambaye ni sai in ce malissafin inshora, wato mutumin da kamfanin inshora ko asusun fansho ke ɗauka domin ya faɗa musu nawa ya kamata su karɓa a yau, nawa kuma ya kamata su ɓoye, don kada ranar cika alkawari ta zo a buɗe akwati a tarar da shi wayam. Wasu sukan ce, “To, akanta ke nan.” Akwai kama, amma akanta yana ƙirga abin da ya riga ya auku ne, mu kuwa aikinmu yana kan abin da bai zo ba tukuna: gobarar da ba ta tashi ba, haɗarin motar da ba a yi ba, tsufan ma'aikacin da yau yake da shekara talatin.

Da zarar an kai ga batun mutuwa sai fuskar mai sauraro ta canja, shi ya sa nake hanzarin yin bayani. Babu malissafin da ya san ajalin mutum guda, wannan ilimi ba a hannun ɗan Adam yake ba. Abin da ake iya yi shi ne a tara mutum dubu goma masu shekara arba'in, a duba abin da ya sami irinsu a shekarun baya, a kintata nawa ne daga cikinsu ba za su ga baɗi ba, ba tare da an iya nuna ko ɗaya da yatsa ba. Edmond Halley, wanda tauraruwar nan mai wutsiya ke ɗauke da sunansa, ya tsara irin wannan jadawali a 1693, daga rajistar haihuwa da mutuwa ta garin Breslau, wanda yau yake cikin ƙasar Foland. Manomin da ya cika rumbu bai san wace shekara fari zai zo ba, ya dai san yana zuwa. Mu masu auna girman rumbun ne.

Wannan ita ce sana'ar. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne hanyar shigarta, da mutanen da ke biyan kuɗin hanyar ba tare da an rubuta sunansu a ko'ina ba.

Digirin jami'a ba ya mayar da mutum malissafin inshora. Na gama nawa a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah a Kumasi, na yi hidimar ƙasa, na sami aiki a nan Ankara, sannan aka ce mini yanzu ne karatu zai soma. Masu neman wannan sana'a a Gana galibi ƙungiyoyi biyu suke bi, ɗaya ta Amurka, ɗaya ta Birtaniya. Ni ta Birtaniya na bi, wadda ake taƙaita sunanta da IFoA, ita ce ta samu a 2010 bayan haɗewar tsohuwar cibiyar Landan ta 1848 da takwararta ta Edinbara ta 1856. Kafin mutum ya zama cikakken ɗan ƙungiya sai ya haye darussa goma sha uku. Sau biyu ake zaman jarrabawa a shekara, Afrilu da Satumba, sakamako kuma ya fito wajen Yuli da Disamba. Babu aji, babu malamin da zai kira suna da safe, babu abokin zama da zai zungure ka in ka yi gyangyaɗi. Daga kai sai littattafai masu kauri da tsofaffin tambayoyi. Darasi guda daga cikin na lissafi ana ba da shawarar a ba shi sa'a 200 zuwa 250. Shekara shida ke nan ina ciki, na haye takwas.

Tunda lissafi ne sana'ar, bari mu yi shi. Mako yana da sa'a 168. Ofis yana cin 45. Hanya tsakanin Madina, inda nake haya, da tsakiyar gari tana cin wajen 15, kuma wanda ya taɓa zama cikin trotro a cunkoson Legon da ƙarfe shida na yamma ya san ban ƙara gishiri ba. Barci 45, in an tsuke. Salla, cin abinci, wanka, cefane da ɗan abin da ba a rasa ba na gida, a ce 28. Saura 35. Darasi mai sa'a 250, in aka raba shi a kan mako 20, sa'a 12 da rabi yake nema a kowane mako. A takarda har da rara.

Sai dai wannan lissafi na mutumin da Asabar da Lahadinsa nasa ne. Shawarwarin da na karanta daga ɗaliban Turai da Amurka duk a kan turba ɗaya suke: rage kallon fim, daina fita shaƙatawa, ajiye wasanka na ɗan lokaci. Suna magana a kan abin da suke kira lokacin hutu, wanda mutum ke kashewa yadda ya ga dama kamar kuɗin aljihunsa. Ɗan zango ba shi da irin wannan kuɗi. Sa'o'in nan 35, kafin su iso hannuna an riga an rubuta sunayen masu su.

Ku duba ƙarshen makonmu mana. Lahadi ranar aure ce a zangunan Ankara, wani makon biyu, wani makon uku, ɗaya a Nima, ɗaya a Sabon Zango, ɗaya can Ashaiman. Suna da sassafe ake yinsa, ko ya faɗo ranar aiki ko bai faɗo ba. Rasuwa ba ta aiko da katin gayyata. A sanar bayan asuba, a yi sallar gawa bayan azahar, sai addu'ar uku, ta bakwai, ta arba'in. Ga dubiya a asibiti, ga rakiyar alhazai da taryensu, ga taron ƙungiyar 'yan unguwa, ga sasanta ƙanenka da matarsa. Na mata kuwa ya ninka namu, tun daga ɗinkin yayi har girkin taro da kwanan gidan biki. Akwai daɗi a cikin waɗannan abubuwa, amma ba wanda zai kira su shaƙatawa. Ba a kuma tilasta wa kowa da sanda. Ana dai lura.

Wanda ya karanta inshora ba zai kalli wannan tsari ya kasa gane shi ba. Inshora ce, tun kafin a kawo mana ta takarda. Da yawa daga kakanninmu fatake ne, kalmar zango ma asalinta wurin da ayari ke sauke kaya. Sun biyo hanyar goro zuwa Salaga, da kasuwar Salaga ta durƙushe a ƙarshen ƙarni na 19 suka gangaro Kumasi da Ankara da sauran garuruwa. Mutum ya sauka a ƙasar da ba shi da gona, ba shi da dangi, ba shi da makabartar kakanni. In ya kwanta ciwo wa zai ba shi ruwa? In ya cika wa zai wanke shi? Sai baƙi suka mayar da juna dangi. Kowa yana zubi, wanda abin ya faɗa wa ya kwasa. Bambancinta da susu ko adashi shi ne ba a san kan wanda kwasa za ta zo ba, kuma zubin ba kuɗi kaɗai ba ne, mafi tsadarsa ƙafa ce. Da Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take, sharaɗin yarjejeniya ya karanta mana.

A littafinmu akwai bayanin abin da ke faruwa in mai inshora ya daina zubi. Ana ɗaga masa ƙafa na ɗan lokaci, in bai dawo ba yarjejeniya ta tsinke. A zango ma haka ne, sai dai babu wasiƙar gargaɗi. Za ka gane ne ranar da ka yi taro ka ga kujerun haya a jere babu kowa a kai. Ga ni nan ina hana idona barci ina koyon yadda ake haɗa kan mutane su ɗauki nauyin juna, alhali sa'o'in da nake koyon da su daga asusun da ya girmi kowane kamfani a unguwarmu nake ciro su.

Abin da ya ƙara wa lamarin wuya shi ne ban tafi ko'ina ba. Al'adarmu ta san matafiyi don neman ilimi, ta kuma tanadar masa uzuri. Almajirin da ya tafi gabas, ɗalibin da ya tafi Azhar, yaron da ya sami gurbi a Ingila, babu mai ƙirga musu bukukuwan da ba su halarta ba. Addu'a ake bin su da ita, ranar da suka dawo a yi walima. Ni kuwa ana ganina. Ana ganina a masallaci ran Juma'a, ana ganina ina sayen koko da ƙosai, ana ganin fitilar ɗakina. Mutumin da ke gari, lafiyarsa lau, a neme shi wurin biki a rasa saboda wai yana karatu, alhali ya gama jami'a shekara takwas da suka wuce, har ya yi aure ya haihu, wannan ba shi da gurbi a cikin uzurorin da muka gada. Sunan da ya fi kusa da shi shi ne girman kai. “Ya zama ɗan ofis.” “Boko ya cinye shi.” Ba na jin haushin masu faɗa, da abin da suka gani suka yi hukunci.

Mahaifiyata, wadda ba ta taɓa shiga ajin boko ba, ita ta fi kowa ganin haɗarin. Ba ta taɓa cewa in bar karatu ba. Abin da takan ce shi ne, “Ka je su gan ka, ko na minti goma ne. Ranar tawa su ne za su ɗauke ni, ba Turawanka ba.” Ni dai sai in ce, “To, Mma.” Babu wata amsa da ta wuce wannan.

Ofis kuma nasa lokacin yake bi. Daga Janairu zuwa Maris ake rufe lissafin shekarar da ta wuce, a ƙiyasta ajiyar da kamfani zai riƙe don biyan diyya, a shirya rahoton da za a miƙa wa Hukumar Inshora ta Ƙasa. Wato watannin da aiki ya fi zafi su ne ke gaban jarrabawar Afrilu. A 2023 aka soma aiki da sabuwar ƙa'idar rahoton kuɗi ta inshora, IFRS 17, wadda ta sauya yadda ake auna alkawura da ribar kamfani, kuma a wannan shekarar akwai makonnin da ban bar ofis kafin ƙarfe tara na dare ba. Ana ba mu 'yan kwanakin hutun karatu, mun gode, amma kwanakin da aka ba ka a takarda daban, waɗanda waya za ta bar ka ka ci daban. Duk da haka ba zan ci amanar aikin ba. Abin da na karanta da dare a kan yadda ake kintatar diyyar haɗarin da ya riga ya auku amma labarinsa bai iso kamfani ba, shi nake tararwa a kan teburina da hantsi, kuma darasin da hannu ya taɓa ba ya zubewa da wuri.

Shekarar 2022 ta zo da nata darasin da babu shi a manhaja. Kuɗin jarrabawa da na littattafai da fam ake biyansu, albashi kuwa da sidi yake zuwa. A farkon shekarar dala tana wajen sidi 6, zuwa Nuwamba ta haura 13, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 54.1 cikin 100 a Disamba. Abin da mutum ya ware wa karatun shekara sai ya ga ya narke a hannunsa. Na san waɗanda suka tsallake zama guda saboda kuɗi kawai, ba don ba su shirya ba. Sannan ga wani abin. A littafi ana koya mana cewa bashin da aka ba gwamnati shi ne ma'aunin jarin da ba shi da haɗari, daga kansa ake auna sauran. A watan Disamba na wannan shekarar gwamnati ta nemi masu riƙe da takardun bashinta na cikin gida su musanya su da sababbi masu dogon wa'adi da ƙarancin ruwa, kuma kamfanonin inshora na cikin masu riƙe da su. Da dare ina amsa tambaya yadda marubutan Landan ke so, da rana ina zaune a taron da ake ƙirga asarar da ta fito daga abin da littafi ya ce ba ya asara.

Tun annobar korona a 2020 aka mayar da jarrabawar ta intanet, aka yi shekaru ana rubuta ta daga gida. Mutum zai zauna sa'a uku da 'yan mintoci yana buga lissafi a kwamfuta, alamar da hannu ke zanawa cikin daƙiƙa sai an nemo mata hanya a kan madannai. Ɗalibin Manchesta tambayoyi ne damuwarsa. Ni sai na tanadi layin waya biyu, na cika batir, na roƙi maƙwabci mai janareta ya zauna cikin shiri, na kai yarinya gidan kakarta. A 2022 da 2023 kuma zaman Afrilu ya faɗo cikin azumi. Ba zan ce da sauƙi ba, amma watan ya yi mini wata kyauta: bukukuwa suna tsayawa cak, kuma tashin sahur ya nuna mini wani yanki na dare da babu mai nemansa. Har yau na riƙe shi, azumi ko ba azumi. Nakan tashi ƙarfe uku da rabi in yi karatu zuwa kiran assalatu. Sa'a ɗaya da rabi ce, sau biyar a mako, a haɗa da safiyar Asabar, sha biyu da rabin nan ta cika. A duk makon, waɗannan kaɗai ne sa'o'in da ban ara daga hannun kowa ba, sai daga jikina.

Sauran kuwa sai da dabara. Darasi ɗaya nake ɗauka a kowane zama, domin taura biyu ba ta taunuwa. Abokan karatuna da ba su da iyali suna ɗaukar biyu, akwai wanda muka fara tare har ya gama. Na san shekaruna za su fi nasu yawa, na kuma yarda da farashin.

Hidimomin jama'a kuwa na raba su yadda sana'ata ke raba al'amura: akwai mai zuwa da sanarwa, akwai mai faɗowa. Rasuwa da rashin lafiya ba na jinkirta su. Na taɓa rufe littafi saura kwana huɗu jarrabawa na bi gawa makabarta, gobe ma in ta kama zan sake. A jadawalina nakan bar kwana goma babu komai a cikinsu, ajiya ce ta irin waɗannan ranaku. Ban san wa za a rasa ba, Allah ya ja kwanan kowa, na dai san unguwa mai yawan tamu ba ta yin mako 20 ba a yi rashi ba. Aure da suna kuwa ina zuwa a shafa fatiha da ni, in gaisa da iyaye, in miƙa gudummawa hannu da hannu, in sulale kafin makaɗa su ɗaura ganga. Minti arba'in ne, in an cire hanya.

Abin da ya fi duka amfani shi ne zagayen manya. A farkon Fabrairu da tsakiyar Yuli nakan bi gidajen kawunai da gwaggwanni da limamin unguwarmu ta haihuwa, in durƙusa in ce na shiga wata biyu na ƙunci, a taya ni da addu'a. Wanda ka nemi addu'arsa ya zama mai jari a cikin abin, in aka taɓa ka a gabansa shi zai tare. Liman ne ya fara tambayata wane irin lissafi ne wannan da ba ya ƙarewa. Na ce, “Allah ya gafarta Malam, ɗan'uwan wanda kuke yi ne in an kawo rabon gado.” Sai ya gyara zama. Ai lissafi ba baƙo ba ne a zaurukanmu. Malamin da ke fitar da rabi da tumuni da sudusi daga dukiya ɗaya, ya daidaita su in sun yi wa dukiyar yawa, ya san zafin kai irin namu. Littafin al-Khwarizmi na Bagadaza, na ƙarni na 9, wanda aljabara ta samo suna daga gare shi, babban kaso nasa a kan wasiyya da gado yake. Tun daga ranar, in aka tambayi ina nake, kawuna yakan ce, “Ku bar shi, ya shiga halwa.” An yi dariya, amma kalmar ta zauna, ta zama gurbin da na rasa.

Babban mai ba da aron dai ba ya cikin gidajen da nake zagawa, a gidana yake. Matata ce ke kai fuskata inda ban je ba. Ita ke ɗinka yayi, ta riƙe hannun yarinya, ta shiga trotro zuwa Ashaiman, ta amsa “Ina maigidan?” sau ashirin da murmushi. Malamar firamare ce, tana da littattafan yara da za ta duba, tana da nata burin na ƙaro karatu. Ranar da sakamako ya fito da sunana, ba a rubuta nata a ko'ina. Muka zauna muka raba shekara: wata biyu kafin kowace jarrabawa nawa ne, Mayu da Yuni, Oktoba da Nuwamba nata. A watanninta ni ke shirya yarinya da kai ta makaranta, ni ke zuwa tarukan danginta. Rabon bai daidaita ba, ita ma ta sani, domin girki da wanki ba su san akwai jadawali ba. Ina da abokiyar aiki mai 'ya'ya biyu da ke wannan karatun, ita ba ta da mai kai fuskarta ko'ina. In namiji ya rufe ƙofa sai a ce yana karatu, in mace ta rufe sai a tambayi wa zai dafa. Kowane darasi da ta haye, a wurina ya fi biyu nawa nauyi.

Yarinyata mai shekara huɗu ta riga ta koyi cewa in ƙofar nan a rufe take ba a bugawa. Takan turo takarda ta ƙarƙashinta, da zanen abin da ta ce ni ne. Wannan bashin ban san da wane kuɗi ake biyansa ba.

Darasi ɗaya sai da na zauna masa sau biyu. A tsakanin masu wannan karatu faɗuwa ba abin kunya ba ne, da wuya ka sami wanda bai ɗanɗana ba. Zafin yana wani wuri. Sa'a 250 ka aro daga hannun mutane, ga shi ba ka da abin nuna musu. Yaya za ka kalli matar da ta yi wata biyu tana zuwa biki ita kaɗai ka ce mata za a sake? Da na gaya mata ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, “To, sai a sake. Amma wannan karon Lahadi ɗaya a wata tawa ce.” Har yau wannan Lahadin tana nan, ko ana gobe jarrabawa.

Majalisar ataya, wadda samarinmu ke kira bes, ita ce ta tafi gaba ɗaya. A da a nan nake jin labarin duniya, yanzu in na leƙa sai a matsa mini kamar baƙo, a ce “Furofesa ya fito.” Abu ɗaya na riƙe don kaina, ƙwallon yammacin Asabar tare da su. Na lura cewa in na yi mako uku babu irin wannan, ido yana bin layi ne kawai, babu abin da ke shiga.

Me ya hana ni bari? Albashi yana ciki, ba zan ɓoye ba. Amma akwai wani abin. Mafi yawan mutanenmu ba masu albashi ba ne: mahauta ne, teloli, direbobi, 'yan kasuwa, mata masu sayar da wake da shinkafa da tuwo a bakin titi. Dokar fansho ta 2008 ta kafa matakai uku, na ukun na ganin dama ne, an kuma buɗe shi ga masu sana'ar kansu, amma da wuya ka ji ana maganarsa a zango. Mun dogara ga zumunci, shi kuma yana da iyaka. Yana iya ɗaukar gawa guda, gobarar gida guda, jinyar mutum guda, wato yana aiki ne in masifa ta zo ɗaya bayan ɗaya. In wuta ta ci kasuwa sukutum, kamar yadda ta yi wa Kantamanto a watan Janairun 2025, masu zubi da masu kwasa rana ɗaya suke wayar gari babu komai. Haka tsufa yake neman zama, tunda 'ya'yan da za su riƙe tsoho sun watsu Jamus da Amurka da ƙasashen Larabawa. Da yawa daga cikinmu suna gudun inshorar da aka saba saboda kuɗin ruwa, kuma damuwarsu abin saurare ce. To, ko takaful, wanda aka gina a kan taimakekeniya, sai an sami mai lissafa nawa kowa zai zuba kafin asusun ya iya tsayawa da ƙafarsa, mai lissafin kuma gara ya zama wanda zai iya zama a zaure ya yi bayani da harshen masu zubin. A tarukan sana'ar da nake zuwa, da wuya in sami wanda zan gaisa da shi da Hausa.

Zaman Satumba mai zuwa na yi rajistar darasi na tara, wanda ya fi duk na baya tsawo. An sa auren ƙanwar matata saura kwana tara jarrabawa, a Kumasi. Wannan ba na minti arba'in ba ne, an riga an yanka mini yayi. Zuwa da dawowa kwana biyu ne, na cire su daga cikin goman nan na ajiya, ko da yake ba don irinsu aka ajiye su ba. Saura takwas. Na buga tsofaffin tambayoyi a takarda don in duba a mota, matata ta ce in sa su can ƙasan jaka, kada surukai su gani.